Zanin Zumunta a Baibai

Ban san ranar da Turawan ɗarikarmu suka zauna can ƙasarsu suka yarda namiji ya auri namiji a gaban fasto ba. Abin da na sani, labarin ya iso ƙauyenmu da ke gefen Kagoma ana tsakiyar tonon citta, kuma ya shigo ne ta wayar wani dattijon ikilisiya da ko saƙo ba ya iya buɗewa sai an taya shi. Kafin Lahadi ta zagayo, ikilisiyar da ta yi shekara da shekaru ta kasa yanke shawara a kan rufin masai ta samu maganar da kowa ya ƙware a kanta.

Ni koyarwa nake yi a Kafanchan, kuma kusan kowane ƙarshen mako nakan hau mashin in je duba mahaifiyata, don haka yawancin abin da idona na gani. Abin da ya fi ba ni dariya, in an cire takaicin, shi ne babu ɓangaren da ya ce yana son auren jinsi. Masu cewa a fita suna cewa sunan ɗarikar ya ƙazantu, duk wanda ya zauna a ƙarƙashinsa ya sa hannu. Masu cewa a zauna suna cewa Turawa su yi nasu can, mu mu yi namu nan, ba za mu bar gidan da iyayenmu suka gina don wani ya yi ɓarna a wata ƙasa ba. Wato mutanen da bakinsu ya zo ɗaya ne suka shaƙe wuyan juna, kowa yana rantsuwa ya fi ɗan'uwansa ƙin abin.

Jagoran masu fita shi ne Baba Elda, tsohon ma'aikacin reluwe, mutum mai murya da tumbi. Duk sanarwar da aka ba shi ya karanta, ko ta sharar harabar coci ce, sai ya biya ta Saduma da Gwamrata kafin ya sauka. Kowa a garin ya san yana da ɗa a waje wanda ya ɗauko hancinsa da tafiyarsa, kowa kuma ya san kunun da yake sha da yamma a gindin mangwaro ba irin wanda ake ba yara ba ne. Amma a ƙarshe ya samu zunubin da bai taɓa yi ba, ya kuwa riƙe shi hannu bibbiyu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Wani abokin wasana tun muna firamare, wanda yake zama a layin baya na kwaya, wato mawaƙan coci, duk lokacin da aka fara maganar wuta da kibiritu sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. A garinmu aka haife shi, a rafinmu aka yi masa baftisma, ba Bature ba ne. Ana cikin rigimar ya ce ya samu aiki a Abuja, ya tafi, ko Kirsimeti bai ƙara zuwa ba. An yi mitin a kan benci, an yi a kan janareta, ba a taɓa tambayar ina ya shiga ba. Wannan ya ɓata mini rai, har yau kuma bai daina ba. Amma ba labarinsa zan bayar ba, don bai ba ni izini ba. Na Mama zan bayar.

Mama ita ce mai tulu a zumuntar mata tun kafin a haife ni. Tulu ne na ƙasa, babba, baƙi, tana riƙe shi tsakanin gwiwoyi tana buga bakinsa da faffaɗan soso da ta yanko daga tsohuwar katifa, sai ya ba da wata murya mai zurfi da ƙirji yake fara ji kafin kunne. Kafin a fara takan zuba ruwa a ciki, ta buga, ta rage, ta ƙara, har sai ya zauna daidai da muryar mai ba da waƙa. Mai ba da waƙar kuwa mutum ɗaya ce duk tsawon shekarun nan, Maman 'yan biyu, matar Baba Elda. Siririya ce, ba ta da yawan magana a gida don mijinta ya cinye rabonta, amma in ta ɗaga murya a coci har masu sayar da doya a bakin titi suna sanin waƙar da ake yi.

Ba wai ƙawaye ne masu daɗin baki ba. Kullum cikin faɗa suke. Ita ta ce Mama tana jan kiɗa kamar mai ciwon baya, Mama ta ce ita tana gudu kamar an biyo ta. Wata rana muna dawowa daga jana'iza a wani ƙauye wajen Gidan Waya, inda matan can suka yi waƙar da ta fi mutuwar ban tausayi, sai Maman 'yan biyu ta tsaya a tsakiyar hanya ta kama hannun Mama. Hausar mutanen garinmu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "shi" ne.

"Maman Malama, ka ji abin da suka yi wa matan nan? In na riga ka, kada ka bari a yi mini haka. Kai ne za ka buga mini."

"In ni na riga ka fa?" in ji Mama.

"Ni zan ba da waƙa. Ko ina kan gado a ɗauko ni."

Suka tafa, aka yi dariya, muka ci gaba da tafiya. Ni na ɗauka hirar hanya ce, su kuwa da gaske suke.

Sai mutum ya san zumuntar mata zai gane nauyin maganar. Matar zumunta tana da yunifom: farar riga, ɗankwali, da zanin atamfa da aka buga tambarin ɗarika da sunanta a jiki daga sama har ƙasa. Ranar da ta mutu, cikin yunifom ɗin ake shirya ta. 'Yan'uwanta mata su ma su ɗaura nasu, su zauna kewaye da akwatin, su yi mata waƙa, su raka ta har bakin kabari. Wadda ba ta ɗaura ba ba ta zama a wurin, ba ta taɓa kayan kiɗa, ko da matar ciyaman ce. Can baya za ta zauna da mu masu leshi da jaka. Na taɓa ganin an ta da wata babbar malamar kwaleji daga bencin saboda ɗankwalinta bai yi kala ɗaya da na sauran ba.

Ranar da aka ce a ɗaga hannu a kan fita ko zama, Baba Elda ya ɗaga nasa tun kafin a gama tambaya, sannan ya juya ya kafe matarsa da ido a ɓangaren mata. Ta dubi ƙasa, ta dubi Mama, ta ɗaga hannu iya kafaɗa kamar mai korar ƙuda. Mama kuwa, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, babu mai juyowa ya harare ta, sai ta naɗe hannuwanta a cinya. Masu fita suka yi rinjaye.

A gida na tambaye ta dalili, ina tsammanin za ta ja mini aya.

"Cikin zanin nan aka binne uwana," ta ce. "In na je can ya gan ni da wani zani, me zan gaya mishi?"

Na ce ba na tsammanin ana duba zani a sama. Ta ce in bari sai na je na dawo in ba ta labari.

Abin da ya biyo baya ba shi da kyan gani. Masu fita suka sa kwaɗo a ƙofar coci, masu zama suka zo suka ɗora nasu a kai, aka ɗauki lokaci gidan Ubangiji yana kulle da kwaɗo biyu, jama'arsa suna waje cikin rana suna karanta wa juna ayoyin ƙauna da ƙarfi. Daga baya maganar ta tafi kotu, inda take har yanzu, amma kafin nan masu yawa suka karɓe ginin suka canza allon bakin hanya. Masu zama suka koma ajin firamare a ƙetaren fili, dattawa masu furfura suna cusa gwiwa a bencin yara, fasto yana wa'azi a gaban allon da ba a goge lissafin Juma'a ba.

Aka turo komiti gidanmu su karɓi tulu, wai kayan ikilisiya ne. Mama ta ba su kujera, ta ba su ruwa, ta ce tulun ita ta saya da cittarta tun suna yawo ba wando, wanda ya isa ya shiga ɗaki ya ɗauko. Babu wanda ya isa. Haka coci ya tashi da murya ba tulu, aji ya tashi da tulu ba murya. Can suka sayi kibod mai kiɗa da kansa, da ƙatuwar lasifika da suka juya bakinta tana kallon firamare, ba da gangan ba in ji su. Nan aka naɗa wata baiwar Allah mai ba da waƙa, mace mai kirki ƙwarai, sai dai muryarta kamar ƙofar kwano da ta yi tsatsa. Mama ta ci gaba da bugawa, amma kiɗan ba ya tafiya da waƙar ko kaɗan, har mutane suka fara cewa tsufa ne. Sai da na zauna kusa da ita wata Lahadi na gane ba waƙar ajin take bi ba, muryar da ke fitowa daga lasifikar can take bi.

Na raɗa mata, "Mama, ai wannan cin amana ne." Ta ce in rufe baki ana sujada.

Masu fita suka yi odar sabon zani, ruwan ɗorawa mai ƙyalli, da sabon suna mai tsawo wanda sai mace ta juya kafin ka gama karantawa. Aka yi sanarwa cewa tsohon zanin ba zai sake taka cocin ba, wasu masu zafin bangaskiya ma suka yayyanka nasu suka mai da shi tsumman goge ƙasa. Baba Elda ya hana matarsa zuwa gidanmu. Ta yi biyayya, ba ta sake shigowa ba, sai dai ta gano cewa injin niƙan da ke bayan gidanmu ya fi na unguwarsu laushin gari. Can suke haɗuwa, kowacce da kwanon masara, suna ihu a kunnen juna saboda ƙarar inji, Maman 'yan biyu tana zagin kibod, Mama tana kwaikwayon ƙofar kwano.

Ana tsakiyar damina Maman 'yan biyu ta faɗi a gona, ɓarin jikinta ya shanye, bakin ya karkace. Mama ta riƙa zuwa duba ta duk lokacin da Baba Elda ya tafi mitin, kuma godiya ga Allah mitin bai taɓa yankewa ba. Wata rana na raka ta. Maganar ba ta fita sosai, amma ta jawo Mama da hannun mai lafiya, ta bubbuga gefen gado da shi, ta ce, "Kai ne fa. Ba wannan injin ba." Mama ta ce ta daina maganar banza ta sha kununta. A hanyar gida Mama sai share ido take da bakin zani tana cewa abu ya faɗa mata.

Maman 'yan biyu ta rasu a asibiti a Kafanchan. Aka kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa, kamar yadda muke yi, a jira 'ya'ya su taru daga Legas da Jos, a buga kalanda mai hotonta, a yi wa gidan fentin da ba a taɓa yi masa ba tana da rai. Makonnin nan ni na sha wahalarsu, don Mama ta naɗa ni jakadiya.

Na fara da Mama Shugaba, wadda ke riƙe da matan masu fita, tsohuwar shugabar firamare da ta koyar da rabin garin, har da ni. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi alkawarin. Ta saurara har ƙarshe.

"Malama, ni ma na san da maganan," ta ce. "Mama ya zo ya buga, ba wanda zai hana shi. Amma da yunifom namu. Zan ba shi nawa aro, ina da wani a akwati."

"In ta zo da nata fa, Mama?"

"Komiti ya riga ya yanke. Wancan suna ba zai shiga ba."

"To in ta zo da kayan gida?"

Ta kalle ni kamar ta kama ni da satar amsa. "Kayan gida a bencin zumunta? Kai ma ka san ba a yi."

Na je wurin faston aji, saurayi ne da ba a daɗe da turowa ba, ga kirki ga tsoro. Ya ce zuwa jana'iza hakkin kowane mai bi ne, amma in memba ta ɗaura yunifom ɗin waɗanda suka kai mu kotu za a ɗauki hoto, hoton kuma zai isa hedkwata kafin a rufe kabari. Ya ce mu sa abin cikin addu'a. Na lura a ƙasar nan duk wanda ba ya son ya ba ka amsa sai ya tura ka wurin Allah.

Na dawo gida a fusace, na sauke a kan wadda ta fi kusa. Na ce, "Mama, zani ne fa. Atamfa ce. Zan iya rantsuwa kamfani ɗaya ya buga duka biyun. Ki karɓi aron, ki ɗaura, ki buga, ki kwance. Wa zai mutu?"

"Wanda zai mutu ya riga ya mutu," ta ce, ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Can ta ƙara da cewa, "Kai da ba ka taɓa ɗaurawa ba, dole ka ce zani ne."

Gaskiya ta faɗa, na yi aure na haihu amma na ƙi shiga zumunta, don ba na son a riƙa auna mini ɗankwali. Sai dai ina ganin yadda take ramewa. Abinci sai ta tsakura ta ture. Ta fito da tulun ta wanke, ta mayar, ta sake fito da shi. Ba za ta iya karya alkawarin ba, ba za ta kuma iya ɗaura wancan zanin ba. Tsoro ya kama ni sosai cewa ranar za ta zo ta wuce Mama tana zaune a baya da masu leshi tana jin kibod yana raka ƙawarta, kuma na san in haka ta faru ba za ta ƙara komawa daidai ba.

Ranar jana'izar na aro motar maƙwabcina na iso da safe. Na sami Mama ta yi wanka, ta sa farar riga, ta ɗaura ɗankwali tsaf. Sai na kalli zanin. Tsohon ne, amma a baibai ta ɗaura shi, cikin a waje, kalar a koɗe, ɗinkin baki yana kallon jama'a, rubutun ya koma dishi-dishi ba ya karantuwa.

A wurinmu babbar mace ba ta fita da zani a baibai. In an ga haka, ko dai ta fara ruɗewa ne, ko ta fito daga inda bai kamata ba cikin gaggawa, kuma kowanne daga ciki ya isa garin ya yi ta taunawa har kaka. Mama kuwa mace ce da take guga ko rijiya za ta. Na buɗe baki, ta ce in ɗauki tulu in yi hankali da wuyansa.

Tun daga bakin hanya aka fara. Wata ta rugo da kyakkyawar niyya tana raɗa, "Mama, zaninka." Mama ta ce ta sani. Wata ta sake zuwa, ta ce ta sani. Matasa masu jera kujeru suka juya baya, kafaɗunsu na rawa don dariya. Ta wuce su kanta a sama, ni ina biye da tulu a rungume, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ƙofar coci Mama Shugaba ta tare mu, ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa. Ta gyara tabarau.

"Maman Malama, mene wannan?"

"Yunifom ne," in ji Mama.

"Na waye?"

"Na zumunta. Kun ce suna ba zai shiga ba. Ga shi na juya shi ciki, jikina yake kallo. Tsakanina da shi ne."

"Amma yana nan."

"Yana nan. Wanda yake so ya gani sai ya zo ya kwance ni."

Aka kira sakataren komiti, aka kira wani da ya taɓa aiki a ofishin lauya. Manyan mutane masu jikoki suka sunkuya suna leƙen zanin tsohuwa, suna gardama ko sunan da ba ya karantuwa har yanzu suna ne. Wani ya ce a yi gajeren mitin. Motar gawa kuwa ta riga ta iso, tana tsaye da jiniyarta a kashe, direban yana duba agogo.

Sai ga Baba Elda, 'ya'yansa na riƙe da shi. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, babbar rigar ta yi masa yawa. Na gyara kunne in ji Saduma. Ya daɗe yana kallon zanin, ya kalli tulun da ke hannuna.

"Ku bar Maman Malama ya shiga," ya ce. "Matana ya dame ni da maganan nan har bakin ya daina aiki, ya koma yana nuna mini da hannu. Ku bari a buga mishi, ko ni ma na samu barci."

Mama Shugaba ta ce waƙa ɗaya. Ya ce waƙa ɗaya.

Matan aji, waɗanda suka zo da tsohon zaninsu a daidai suka tsaya nesa a gindin mangwaro, suna ganin haka sai suka riƙa sulalewa cikin gonar masarar da ke bayan coci. Da suka fito, duk a baibai suke. Mama Shugaba ta ɗaga ido sama kamar mai neman agaji, ta matsa gefe. Haka aka zauna kewaye da akwatin, ruwan ɗorawa a dama, koɗaɗɗu a hagu, ba mai kallon wata.

Aka yi wa'azi mai tsawo, rabi a kan mamaciyar rabi a kanmu. Aka karanta tarihin rayuwa, 'yan siyasa suka yi gaisuwa, kibod ya yi abin da ya saba. Sai aka ce zumuntar mata.

Mama ta karɓi gorar ruwa daga hannuna ta zuba a tulun, ta buga, ta ƙara, ta buga, ta gyaɗa kai. Sabuwar mai ba da waƙarsu, wata matar aure mai murya mai daɗi, ta tashi da makirfo. Mama ta fara. Tsohuwar waƙar raka mai tafiya gida ce, rabi Hausa rabi yarenmu, irin wadda mai bayarwa take jefa layi mata su amsa. Kiɗan ya zagayo inda ake shiga, mai makirfo ta buɗe baki, ta ji inda tulun yake, can sama inda mutum ɗaya ce take kaiwa, sai ta rufe. Mama ba ta sauko mata ba. Ba na ma tsammanin ta san da ita a wurin. Idonta na kan akwatin, ta sake zagayowa, ta ɗan ja kiɗan kamar mai jiran wadda ta makara.

Wurin shiga ya zo ya wuce, babu murya. Sai wata tsohuwa a ɓangaren ruwan ɗorawa ta amsa ita kaɗai, amshin layin da ba wanda ya bayar. Da aka sake zagayowa, dama da hagu suka ɗauka tare. Haka aka yi waƙar har ƙarshe, tulu yana tafiya, a yi shiru daidai tsawon layin Maman 'yan biyu, mata su amsa. Duk wanda ya girma a garin ya san muryar da ya kamata ta cika wurin. Ni da na shigo cike da haushin kowa, kuka na yi, irin mai majina, na ɓata leshina. Baba Elda ya rufe fuska da hularsa. Da aka kai ƙarshe Mama ta kifa soson a bakin tulu. Waƙa ɗaya aka ce, waƙa ɗaya ta yi.

Kada wani ya ɗauka an shirya. Da aka fito daga makabarta kowane ɓangare ya nufi rumfarsa, aka raba shinkafa, aka yi gunaguni cewa naman wancan gefen ya fi girma. Kafin yamma hoton tsofaffi masu zani a baibai ya zagaye wayoyi, kowane ɓangare yana cewa shi ya yi nasara. Da Lahadi ta zo kowa ya koma inda yake, kotu kuma ta sake ɗage zama.

Da na mayar da Mama gida ranar jana'izar, ta shiga ɗaki ta canza, ta fito da zanin a hannu, ta juya shi daidai, ta ninke a kan cinya tana shafa shi da tafin hannu. Na miƙa mata shinkafar da na ƙullo, ta ce ba yanzu ba. Na fara kwaikwayon fuskar Mama Shugaba lokacin da matan suka fito daga masara, don in sa ta dariya. Ta ɗan murmusa.

"Na yi nawa," ta ce.

"Kin yi, Mama. Duk garin ya gani."

"Maman 'yan biyu ne ya ci riba. Dama kullum sai ya riga ni shiga." Ta kalli ƙofar gida. "To ni fa? Wa zai ba da nawa?"

Na ajiye ledar shinkafa. Na ce akwai sauran lokaci, Allah zai tanada. Ta ce in bar wa fasto wannan. Ta miƙo mini zanin, ta ce in sa shi a saman akwatinta, inda za a same shi ba sai an yi mitin ba.